Tatev ko Haghpat: Ina Baƙo Zai Dosa a Zuwansa na Farko Armeniya?

Armeniya ƙaramar ƙasa ce. Faɗinta bai cika murabba'in kilomita 30,000 ba, wato da kaɗan ta fi jihar Katsina, mutanenta kuma wajen miliyan 3 ne. Wannan ƙanƙantar ce ke ruɗin baƙo, ya dubi taswira ya ce ai kwana biyar sun ishe shi ya zagaye ta kaf. Amma ƙasar tsaunuka ce, hanyoyinta duk lanƙwasa da hawa da gangara, sannan magabatan da suka gina gidajen zuhudunta da gangan suka kai su bakin kwazazzabai da ƙuryar dazuzzuka, don gudun mahara da hayaniyar duniya. Wanda ke da mako guda a hannu, bayan ya ga abin da ke kewayen Yerevan babban birni, sai ya zaɓi ɗaya: ko ya yi kudu zuwa Tatev, ko ya yi arewa zuwa Haghpat da Sanahin. Taura biyu ba ta taunuwa. Mai son haɗa duka a ƙurarren lokaci, kujerar mota zai fi sani a kan ƙasar.

Gidan zuhudu a Armeniya ba coci ba ne kawai. Wuri ne da malaman Kirista da suka keɓe kansu ga ibada suke zaune, kuma a nan makaranta take, a nan ɗakin littattafai, a nan ake kwafar littafi da hannu, ranar da yaƙi ya zo kuma nan ne mafakar mutanen ƙauye. Mutanen da suka yi ɗaruruwan shekaru ba su da daularsu, tsakanin Farisa da Rum da Larabawa da Mongol da Turkawa da Rasha, a cikin waɗannan gine-gine suka adana harshensu da tarihinsu. Shi ya sa ziyarar ba ta Kirista kaɗai ba ce. Duk mai ƙaunar tsohon ilimi zai sami abin da zai tsaya a kai.

Abin da ba a ciniki a kansa

Kwana ukun farko na Yerevan da kewayenta ne, ko wane ɓangare za ka bi daga baya. Ka fara da Matenadaran, ma'ajiyar rubuce-rubucen hannu da ke ƙarshen titin Mashtots. A ƙofarta akwai mutum-mutumin Mesrop Mashtots, malamin da ya tsara wa Armeniyawa haruffansu 36 a shekara ta 405. A ciki akwai dubban littattafai na fata da takarda, har da na Larabci da Farisanci. Idan ka fara da nan, duk gidan zuhudun da ka shiga daga baya za ka san abin da ake yi a cikinsa lokacin da yake raye.

Sai Echmiadzin, kilomita 20 yamma da birnin, hedikwatar Cocin Armeniya kuma mazaunin shugabanta, Katolikos Karekin na biyu. Bisa tarihin da cocin ke riƙe da shi, a shekara ta 301 Sarki Trdat na uku ya karɓi Kiristanci a hannun Waliyyi Grigor, Armeniya ta zama ƙasa ta farko da ta mai da shi addinin hukuma, aka kuma kafa babbar majami'ar nan jim kaɗan bayan haka. Kada girmanta ya sa ka wuce cocin Hripsime da ke bakin gari. An gina shi a 618, kuma a ganina ya fi babbar majami'ar nuna ainihin ginin Armeniyawa: dutse tsantsa, ƙubba mai tsini a tsakiya, babu wani ƙyale-ƙyale. A hanyar komawa ka tsaya a kufan Zvartnots, majami'a mai zagaye ta ƙarni na 7 wadda ta rushe tun ƙarni na 10, aka tono ta a farkon ƙarni na 20.

Rana ta uku ta Garni da Geghard ce, gabas da birnin. Garni haikali ne na zamanin kafin Kiristanci, mai ginshiƙai irin na Girkawa. Girgizar ƙasa ta 1679 ta zubar da shi, aka sake tayar da shi tsakanin 1969 da 1975. Geghard kuwa, babban cocinsa na 1215 ne, amma abin mamakin yana bayansa: ɗakunan ibada da aka fafe a cikin dutsen kansa, ba jera duwatsu aka yi ba, tsaunin aka sassaƙa daga ciki har da ginshiƙai da ƙubba. A ɗaya daga cikinsu ruwa na ɓuɓɓugowa daga jikin dutsen. Idan ka yi sa'a ka tarar da mawaƙan coci a ɗakin sama, ka tsaya ka saurara, murya ɗaya takan cika wurin ta daɗe tana amsawa.

Daga nan hanya ta rabu.

Hanyar kudu

Abu na farko a kudu shi ne Khor Virap, kilomita 40 da wani abu daga Yerevan, dab da iyakar Turkiyya wadda ke rufe tun 1993. A nan ramin da aka ce Sarki Trdat ya jefa Grigor har shekara 13 yake, kafin sarkin ya kamu da ciwo a fito da fursunan ya warkar da shi. Ana sauka ramin ta wani tsanin ƙarfe a miƙe, zurfinsa kusan mita 6, ga zafi ga ƙunci. Mai ciwon gwiwa ko mai tsoron matsattsen wuri ya haƙura, bai yi asarar komai ba, domin abin da ke kai mutane Khor Virap yana waje: tsaunin Ararat, mai tsayin mita 5,137, tsaye a bayan cocin da dusar ƙanƙara a kansa. Littafi Mai Tsarki ya ce a kan duwatsun Ararat jirgin Annabi Nuhu ya tsaya, Alƙur'ani kuma ya ambaci Judi. Su Armeniyawa tsaunin yana cikin tambarin ƙasarsu, amma yau a cikin Turkiyya yake, suna ganinsa kullum ba su da hanyar zuwa kai tsaye. Ka je da sassafe, domin da hantsi ya yi hazo da gajimare kan rufe shi.

Gaba, kimanin kilomita 120 daga Yerevan, akwai Noravank a ƙarshen wani siririn kwazazzabo mai jajayen duwatsu. Cocin Uwar Almasihu da ke can an kammala shi a 1339, aikin Momik ne, gwanin gini da sassaƙa da zanen littafi wanda ya yi wa sarakunan gidan Orbelian aiki. Hawa biyu ne, kuma matakalar zuwa sama a jikin bangon gaba take, siririya, babu abin dafawa. Da yamma, idan rana ta karkata, dutsen ginin da na kwazazzabon sukan zama launi ɗaya. A bakin hanyar shiga akwai kogon Areni, inda masu tono suka samo takalmin fata mai shekara kusan 5,500.

Daga nan tafiya ta miƙa. Tatev na da nisan kilomita 250 daga Yerevan, awa huɗu zuwa biyar, a kan babbar hanyar da manyan motocin kaya ke bi zuwa Iran. Ana ƙetare tsaunuka marasa itace, a wuce Sisian, a isa ƙauyen Halidzor. A nan ake shiga motar igiya, wato keken da ke tafiya a rataye a jikin igiyar ƙarfe, da aka buɗe a 2010, mai tsawon mita 5,752, wadda ke ɗaukar mutum ta saman kwazazzabon kogin Vorotan cikin minti 12 ko ɗan fiye, a wani wurin mita 320 tsakaninka da ƙasa. Gidan zuhudun yana zaune a kan leɓen dutse, bangonsa na waje ya haɗe da gangaren, har ba ka iya rabe inda tsauni ya ƙare gini ya fara. Babban cocinsa na Bitrus da Bulus an gina shi tsakanin 895 da 906. A ƙarni na 14 da na 15 jami'a ce sukutum, inda Grigor na Tatev, wanda ya rasu a 1409, ya koyar da tauhidi da falsafa, kuma kabarinsa na nan. A tsakar gidan akwai wani ginshiƙin dutse na farkon ƙarni na 10 da aka gina yadda zai iya karkata ya dawo daidai. Girgizar ƙasa ta 1931 ta yi wa wurin mummunar ɓarna, don haka ƙubbar da kake gani sabon gyara ce.

Babu wani wuri a Armeniya da ke cika ido kamar Tatev, wannan ba abin musu ba ne. Amma ka lura da lissafin: bayan Noravank, awa uku kake yi a mota domin gidan zuhudu guda ɗaya. Masu shirya yawon buɗe ido a Yerevan suna sayar da tafiyar a rana ɗaya, a fita da asuba a dawo tsakar dare. Kada ka karɓa. Idan za ka Tatev ka kwana a garin Goris da ke kusa, washegari ka ga tsohon ƙauyen Khndzoresk, inda mutane suka zauna cikin koguna har tsakiyar ƙarni na 20, ana isa ta wata gada mai lilo mai tsawon mita 160.

Hanyar arewa

Arewa ba ta da abu guda da zai kama ka kamar Tatev, amma ba ka yin awa ɗaya da rabi ba ka tsaya a wani wuri mai tarihi ba. Cikin awa guda daga Yerevan kana bakin tafkin Sevan, mita 1,900 sama da teku. Sevanavank, wanda Gimbiya Mariam ta kafa a 874, a kan tsibiri yake a da. Zamanin Tarayyar Sobiyet aka ja ruwan tafkin don noma da lantarki har tsibirin ya haɗe da tudu. Wurin ya cika da masu sayar da tsaraba, kuma akwai matakala fiye da 200, don haka ka hau, ka duba, ka wuce. Inda ya fi cancantar lokacinka shi ne maƙabartar Noratus a gefen tafkin, mai ɗaruruwan khachkar, wato allunan dutse da aka sassaƙa gicciye a tsakiyarsu aka kewaye shi da saƙar zane mai kama da aikin allura. Babu biyu da suke iri ɗaya. UNESCO ta sa wannan sana'a cikin gadon duniya a 2010.

Bayan Sevan hanya ta shiga wani rami da aka huda a tsauni, kana fita ta ɗaya gefen ƙasar ta sauya: tuddan da babu ko bishiya sun zama daji mai duhu. Nan ne Dilijan. A cikin dajin akwai Haghartsin, mai ɗakin cin abinci na 'yan zuhudu da aka gina a 1248, wanda rufinsa ke tsaye kan bakuna masu gittar juna. Wani abu da ke faranta mini rai game da wurin: kuɗin gyaransa daga hannun Musulmi ya fito, Sheikh Sultan bin Muhammad Al-Qasimi, sarkin Sharja, wanda ya ziyarci wurin ya gan shi a lalace ya ɗauki nauyin aikin. Wasu na ganin gyaran ya sa ginin ya yi sabunta da yawa, kuma suna da hujja, amma da a bar shi ya zube gara haka. Kusa da shi akwai Goshavank, wanda Mkhitar Gosh ya kafa a ƙarshen ƙarni na 12. Shi ne malamin da ya rubuta wa Armeniyawa kundin dokokinsu, don su riƙa yin shari'a a tsakaninsu a lokacin da ba su ke mulki ba. A bakin ƙofar wani ƙaramin coci a can akwai khachkar na 1291, aikin wani gwani mai suna Poghos, wanda da yawa ke ɗauka shi ne mafi kyau a ƙasar. Ka matsa kusa ka ga yadda zanen yake hawa-hawa, wani a ƙarƙashin wani, duk a dutse guda.

Ƙarshen hanyar shi ne kwazazzabon kogin Debed, awa uku daga Yerevan idan kai tsaye ne. Garin Alaverdi da ke ƙasan kwarin ba shi da kyan gani, garin narkar da tagulla ne na zamanin Sobiyet, ga tsatsa ga tsoffin benaye. Kada ya karya maka gwiwa. A kan tuddan da ke samansa Sanahin da Haghpat suke, dukansu na ƙarni na 10, dukansu da taimakon Sarauniya Khosrovanush, matar Sarki Ashot na uku. UNESCO ta sa Haghpat cikin jerinta a 1996, ta ƙara da Sanahin a 2000.

A nan ne za ka fahimci abin da ake nufi da gidan zuhudu a matsayin gari na ilimi. A Sanahin gine-ginen a manne suke da juna: coci, zaure, wani cocin, ɗakin littattafai na 1063, da wani dogon soro mai gurabe a bango inda ɗalibai ke zama malami na kai da komo a tsakiya. Daɓen zaurukan duk duwatsun kabari ne, a kansu ake tafiya. Gansakuka ta kama bango, ciyawa ta tsiro a rufi, ba a goge wurin don baƙi ba. Haghpat ya fi sarari da haske. Babban cocinsa an fara shi a 976 aka gama a 991, a bangonsa na gabas an sassaƙa 'ya'yan sarauniyar biyu suna riƙe da siffar cocin, ɗayansu da rawani a kansa. Akwai hasumiyar ƙararrawa ta 1245, akwai ɗakin littattafai mai tuluna binne a daɓe, akwai khachkar na 1273 mai siffar Almasihu a kan gicciye, abin da ba kasafai ake gani ba. Idan da sauran lokaci ka ƙara da Akhtala, minti kaɗan gaba, inda zanen bango na ƙarni na 13 yake nan da shuɗinsa. Yawancin cocin Armeniya bangonsu tsirara ne, don haka wannan ya fita daban.

(Ƙauyen Sanahin kuma shi ne mahaifar Artem Mikoyan, ɗaya daga cikin mutum biyun da suka ƙera jiragen yaƙin MiG, irin waɗanda sojan saman Najeriya suka yi amfani da su. Akwai guda a ajiye a gidan tarihin ƙauyen.)

Idan aka ɗora su a ma'auni

Ta fuskar gajiya, arewa ta fi sauƙi nesa ba kusa ba. Mai tafiya da dattijo ko ƙananan yara zai sami wurin hutawa a Dilijan, tafiyar kowace rana gajera ce. Kudu doguwar hanya ce mai manyan motoci, kuma wanda ba ya son tsayi zai sha wuya a motar igiya, ko da yake akwai titi mai lanƙwasa da ke sauka kwarin ya hau zuwa Tatev. A duba jadawalin motar igiyar tun kafin a tashi, domin akwai ranakun da ake rufe ta, iska mai ƙarfi ma takan tsayar da ita.

Ta fuskar kuɗi, shiga gidajen zuhudu kyauta ne a ko'ina. Garni da Zvartnots da Matenadaran ne ake biya, sai tikitin motar igiya. Abin da ke cin kuɗi shi ne mota da direba, kuma tun da kudu ta fi nisa ta fi tsada. Ƙananan bas-bas da suke kira marshrutka suna zuwa Dilijan da Alaverdi da Goris da araha, amma a gari suke ajiye ka, sai ka nemi tasi zuwa kan tudu. Kuɗin ƙasar dram ne, ka riƙe tsaba idan za ka bar birni. Bayan harshensu, Rashanci ya fi Turanci amfani a ƙauyuka.

Batun tsaro ya fi shafar kudu. Hanyar tana bi ta Yeraskh, dab da iyakar Nakhchivan, wani yanki na Azarbaijan, kuma lardin Syunik inda Tatev yake yana tsakanin yankuna biyu na Azarbaijan. An yi yaƙi tsakanin Armeniya da Azarbaijan a 2020, a 2023 kuma Armeniyawa fiye da 100,000 suka baro Karabakh, yankin da aka yi yaƙin a kansa, ta Goris suka shigo. Masu yawon buɗe ido na zuwa Tatev kullum, amma ka bi labarai kafin tafiya, kada ka kauce daga babbar hanya kusa da iyaka, kada kuma ka ɗauki hoton sojoji. Hanyar Debed ita ce ta zuwa Tbilisi, babban birnin Jojiya, don haka mai niyyar haɗawa da Jojiya arewa ta zame masa dole.

Ga Musulmi, masallaci guda ne ke aiki a ƙasar, Shuɗin Masallaci da ke titin Mashtots a Yerevan, ginin shekarun 1760 wanda Iran ta gyara. Da ka bar birni, sai dai dardumarka. Gasasshen naman da suke ji da shi, khorovats, galibi na alade ne, don haka ka tambaya kafin a kawo. A Yerevan akwai gidajen abincin Iraniyawa da na 'yan Siriya da Lebanon. A kan hanya arewa ta fi sauƙi saboda kifin Sevan. A kudu za ka dogara da wake, cuku, gurasar lavash, da wata gurasa da ake cusa wa ganyaye iri-iri. A Areni, garin inabi, abin da ake jerawa bakin titi cikin robobin lemo giya ce, ka kiyaye.

Ga Kirista daga ƙasar Hausa, cocin nan ba Katolika ba ce, ba kuma irin su ECWA ba. 'Yar'uwar cocin Kibɗawan Masar da ta Habasha ce, Kirsimetin Armeniyawa kuma 6 ga Janairu ne. Sujadar Lahadi doguwa ce, cikin tsohon harshensu, da turare da labule da ake ja a gaban bagadi. Ka shirya tafiyarka yadda Lahadi za ta same ka a Echmiadzin ko Geghard. Kowa da kowa kuma ya sa suturar mutunci, mace ta riƙe ɗankwali, a rage murya. Za ka ga masu ibada na fita da baya-baya don kada su juya wa bagadi ƙeya.

To wanne? Ni dai arewa nake ba mai zuwan farko shawara, kuma dalilina shi ne kudu tana rabuwa biyu. Khor Virap da Noravank ba sa bukatar doguwar tafiyar, ana samunsu a yini ɗaya. Abin da za ka rasa na gaskiya Tatev ne kaɗai, a madadinsa kuma ka sami Noratus, Haghartsin, Goshavank, Sanahin, Haghpat da Akhtala. Wanda tsauni da kwazazzabo suka fi ja masa rai a kan sassaƙa da tarihin karatu, ko wanda ke da kwana goma, shi ya tafi Tatev ya kwana biyu a Goris, ba zai yi da-na-sani ba.

Akwai kuma hanyar da ke ɗinke rabin kudu da arewa ba sai an koma Yerevan ba. Ka tashi da asuba zuwa Khor Virap, ka yi azahar a Noravank, ka kwana a Yeghegnadzor. Washegari ka hau mashigar Vardenyats, wadda aka fi sani da Selim, mai tsayin mita 2,410. Dab da ƙololuwarta akwai zangon fatake na baƙin dutse da Yarima Chesar Orbelian ya gina a 1332, ƙofa ɗaya tal saboda 'yan fashi, da komayen dabbobi a jere a ciki, da rubutun Farisanci a saman ƙofa da na Armeniyanci a gefe. Daga can ka gangara Martuni a bakin Sevan, ka bi ta Noratus zuwa Dilijan, kwana na uku ka isa Debed. Dusar ƙanƙara kan toshe mashigar da hunturu, don haka wannan tsari na watan Mayu zuwa Oktoba ne. Mayu da Yuni ƙasar kore shar take, Satumba da Oktoba kuma sama ta fi washewa ga mai son ganin Ararat, dajin Dilijan ya koma ja da rawaya. Yuli da Agusta zafin Yerevan kan doshi digiri 40, amma ko a lokacin ka sa rigar sanyi a jaka saboda daren Sevan.